Fiffiken da Na Rage wa Jirgin Surukina

Tun da na dawo daga Damagaram 'yan majalisarmu ta Yalwawa ba su bar ni na sha ruwa ba. Kullum bayan la'asar, kafin in gama kafe babur, wani zai ce, "To Malam Habu, a ba mu labarin ƙasar waje." Na ba su labarin burodi mai tsawon kamu guda, na ba su na shayi, na ba su na jandarma. Da suka tambayi yadda jirgin surukina ya kwashe a wajen baje koli, sai na ce alƙalan can nasu kawai suka sani. Wannan ƙarya ce, kuma ni na ƙera ta. Yau zan faɗi tafiyar yadda ta kasance. Mai dariya ya yi, ni na jawo.

Surukina, mahaifin matata Dija, Bafulatani ne a wani ƙauye gefen Buji. Baffa muke ce masa. Shanu sun ragu, ƙarfi ya ragu, yanzu tufkar igiya ce sana'arsa. Tun Dija tana goye, wata shekara da tsuntsayen jan-baki suka addabi hatsi, ya kai shanu kiwo can nesa da gida, sai wani ƙaramin jirgin feshin tsuntsaye ya samu matsala ya sauka a fakon da yake. Matuƙin ya tafi neman masu gyara, ya roƙi Baffa ya hana shanu da mutane taɓa shi. Kwana biyu yana gadi. Zaman ya ishe shi, sai ya ɗauko igiyar guga ya auna jirgin. Ya ja daga ƙasa zuwa samansa ya yi ƙulli, ya ja daga hanci zuwa wutsiya ya yi ƙulli, ya ja daga bakin fiffike zuwa ɗaya bakin ya yi na uku.

Da ya dawo gida da labarin, ba wanda ya gaskata shi. Waɗanda suka yi kiwon tare sun watse, wasu sun rasu. Akwai wani Babarbare mai sayar da kanwa a kasuwar Buji, Modu, abokin wasansa, shi ya laƙaba masa Direban Sama. Kun san tsakanin Bafulatani da Babarbare tsiya ba ta ƙarewa. Shekara talatin ke nan, da Baffa ya shimfiɗa igiyoyinsa sai Modu ya ɗaga murya, "Direba, yau ƙarfe nawa za a tashi?" Baffa ya yi murmushi. Amma Dija ta ce mini igiyar nan ko ɓera bai isa ya taɓa ta ba.

Bara bayan girbi sai ya zauna da kara da totuwa da ƙaro ya shiga gina jirgin. Yadda ya fitar da awon shi ne abin da ya kamata in tsaya in koya. Ya kama igiya daga bakinta zuwa ƙulli, ya ninka ta, ya sake ninkawa, ya sake. Ninki ɗaya rabi, ninki biyu kwata, ninki uku ɗaya bisa takwas. Tsawon da ya rage a hannunsa shi ya ba ɗan jirgin. Haka ya yi wa kowane ƙulli. Ni malamin lissafi ne a ƙaramar sakandare, kuma wannan darasi nakan shafe makonni ina bugun allo a kansa yara suna hamma. Tsoho ya yi shi da hannu biyu da haƙori. Jikin jirgin ya fito mita guda, fiffiken ya haura mita ɗaya da rabi.

Na ɗauki hoto na tura wa wani abokina malami a Damagaram, Malam Isufu. Ya ce za a yi baje kolin aikin hannu a makarantarsu, mu kawo, kuma cikin alƙalan akwai wani tsohon makanike da ya yi aiki a jikin jiragen feshin fara. Na aika Dija da saƙon, don ni da Baffa ba ma doguwar magana. In na je gaida shi takalmi a waje nake cirewa, in durƙusa, ido a ƙasa, shi ma ido a ƙasa. Ta dawo ta ce tambaya ɗaya ya yi: mutumin ya san irin jirgin da idonsa? Da ta ce e, ya ce a shirya. Ba kyauta yake nema ba. Mutum ɗaya yake so wanda ya sani, ya dube shi ya ce gaskiya ka faɗa.

A nan ne malanta ta motsa mini. Na ce ba za a tsallaka ƙasa da abu ba tare da na duba awonsa ba. Na buɗe waya na nemi tsawon jirgi da faɗin fiffikensa, aka nuno mini irin waɗanda ke ɗibar alhazai daga filin jirgin Dutse. A nasu, fiffike da jiki kusan tsawonsu ɗaya. Na dubi hoton na Baffa, na ga fiffike ya zarce jiki nesa ba kusa ba. Na yi lissafi a bayan takardar jarrabawa, na gano wai sai an rage taƙi ɗaya da rabi kowane gefe.

Dija ta kai saƙo ta dawo. "Ya ce igiyar ce ta ba shi haka."

"Igiyar shekara talatin? Ai ta saki."

"Malam, ka taɓa ganin jirgin nan?"

"Ba sai na gani ba. Lissafi ba ya bukatar ido."

Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na hau babur ranar kasuwa na je Buji da kaina, na same shi a rumfa, Modu yana gefe. Na gaishe shi, sannan na fito da waya na nuna wa mutanen wajen hoton jirgin alhazai, ina bayani kamar ina aji. Modu ya karɓi wayar ya juya ta, ya ce, "Ka gani ko, Direba? Naka shamuwa ce." Aka yi dariya. Baffa bai dube ni ba. Ya ce, "To, Malam ya fi mu sani." Suruki ba ya musu da mijin 'yarsa a gaban jama'a, na kuma san haka tun kafin in buɗe baki. Kwana biyu a tsakani aka kawo mini jirgin Dutse, fiffike a gajarce.

Ranar Alhamis muka tashi, saboda ranar kasuwar Maigatari mota ba ta wuya. Na sa jirgin cikin kwalin talabijin. Direba ya ga naɗin igiya yana leƙowa daga jakar fatar Baffa, ya miƙa hannu zai zaro ya ɗaure kwalin, Baffa ya janye jakar ya rungume ta. Haka ya riƙe ta a ƙirji har ƙarshen tafiyar, na ɗauka saboda igiyar ne kawai.

Wahalar farko ta zama. Mutum huɗu a baya, kuma Allah ya sa ni da surukina aka manne, gwiwa da gwiwa. Daga Dutse har Kiyawa ban yi cikakken numfashi ba. Duk ramin da mota ta faɗa sai kafaɗata ta bugi tasa, in ce "Baffa, a yi haƙuri," ya ce "Ba komai, Malam." Kafin Jahun mun yi wannan sau ashirin, har wata mata da ke gefe ta ce, "Ku dai kun ɓata wa juna ne ko kuwa?" Da aka gaya mata suruki ne, ta ce a tsaya ta shiga tsakaninmu. Allah ya saka wa baiwar Allahn nan da alheri.

A Gumel yunwa ta kama ni. Ban taɓa cin abinci a gaban Baffa ba, ba kuma a tasha zan fara ba. Na ce zan je in yi alwala, na zagaya bayan wasu shaguna na sayi ƙosai, na samu lungu na tsuguna. Na kai na biyu baki ke nan na ɗaga kai, sai ga Baffa a ɗaya kusurwar lungun, ya juya wa titi baya yana shan fura a gora. Shi ma alwalar ya ce zai yi. Muka haɗa ido sau ɗaya. Shi ya ci gaba da kallon bango, ni na ci gaba da kallon ƙasa. Muka koma mota ta hanya daban-daban.

Maigatari ranar kasuwa ba a cewa komai. Shanu, raƙuma, awaki, da dillalai masu ciniki da hannu cikin hannun riga. Baffa ya ga wasu jajayen shanu masu dogon ƙaho ya tsaya yana kallo har sai da aka yi mana kira. A nan na fara ganin tafiyar ta fi masa sauƙi a kaina. Shi ya sha tsallaka wajen nan a ƙafa bayan garke, ni kuwa takarduna nake ta laluba a aljihu.

A ɗaya gefen iyaka wani jandarma dogo ya buga kwalin da yatsa.

"Mi ke ciki?"

"Jirgi ne," in ji ni.

A zamanin nan da ake ta maganar jirage marasa matuƙi, wannan ba amsar da za a ba mai bindiga ba ce. Ya kira 'yan uwansa biyu, aka sa mu matsa baya, aka buɗe kwalin da bakin sanda. Da kan jirgin kara ya leƙo, dogon ya yi dariya har ya riƙe ciki. Suka fito da shi suna juyawa, suna taɓa farfelar totuwa tana zagayawa. Ya gaida Baffa da hannu biyu. Sannan ya karkata kai ya ce, "Ina yaro irinshi na zuwa garinmu feshin hwara. Amma kamar waɗancan sun hi dogon hannu." Na yi maza na zaro waya na soma masa bayani. Ya ce, "To, Malam," ya ba mu hanya. Mutum na biyu ke nan da ya gaya mini gaskiya na rufe masa baki da hoto.

Motar da muka shiga daga nan ta girme ni. An ɗora kwalinmu a sama tare da awaki uku a ɗaure. Hanya yashi da rami, ga zafi. Da muka tsaya a Dungas yaron mota ya sauko da kwalin, sai ga ɓula a gefe, wata akuya ta zura kai ta cinye rabin wutsiyar jirgin. Ni na hau faɗa da direba. Baffa kuwa ya taka zuwa wani gida, ya yi sallama, ya roƙi kara biyu daga danga. Matar gidan ta ba shi har da ruwa a kwanon sha. Ya zauna gindin bango, ya juya mini baya kafin ya buɗe jakarsa ya ciro wuƙa da ƙaro, ya sake wutsiyar kafin direba ya gama sallar azahar. Bai auna da komai ba sai yatsunsa, kuma ta fito kamar ta farko.

Muka wuce Magarya muka isa Damagaram da yamma. Malam Isufu ya sauke mu a gidansa, ɗaki ɗaya, katifa biyu, aka kawo faranti guda na dambu da zogale aka ajiye tsakaninmu. Muka zauna muna kallon farantin. Ya leƙo ya ga ba a taɓa ba, ya koma, ya sake leƙowa.

"Lahiya? Ko abincinmu ne bai yi muku ba?"

Na ja shi waje na raɗa masa. Ya dafe kai. "Haba Malam Habu, ai ce mini ka yi Baffanka. Da ka ce suruki ne." Aka raba farantin, ni na ɗauki katifata na koma baranda. Da safe fuskata ta kumbura da cizon sauro, amma na fi son haka.

Mutanen can Hausarmu ɗaya amma sun sha bamban da mu a ƙananan abubuwa. Shayinsu sau uku ake shan sa a ɗan mitsitsin kofi, na farko ɗaci kamar maganin shawara, kuma in ka tashi kafin na uku ka yi rashin kunya. Mu a Dutse kofi guda mai madara ka kora da burodi ka wuce. Burodinsu dogo ne mai tauri, a hammata ake riƙo shi. Da rana ta take kowa ya rufe shago ya kwanta sai la'asar. Suna cewa ƙarfe goma sha biyar, na tsaya ina cire sha biyu a kai. Kafinta a can bai san inci ba, santi da mita kawai. Bakwai ɗinsu ma da ɗamara a tsakiya suke rubuta ta. Na yi ta lura da waɗannan ina jin daɗin kaina, wai ni mai ido.

Da safen baje kolin, ina ɗaure kwali, Baffa ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa. Tun da muka baro gida bai fara yi mini magana ba sai ran nan.

"Malam, lissafin nan, ka sake dubawa?"

"Sau uku na duba, Baffa."

Ya ɗan tsaya kamar zai ƙara wani abu. Sai ya ce, "To, madalla."

A farfajiyar makarantar aka jera tebura. Wani ya kawo motar gwangwani, wani injin ban ruwa, wata ta kawo murhu mai aiki da rana. Namu ya fi tara jama'a. Na ajiye kati a gefensa wanda na rubuta tun a Dutse: jirgin feshi, ɗaya bisa takwas, aikin hannun Baffa, lissafi da gyaran awo na Malam Habu. Sunana ya fi nasa manyan baƙaƙe, ba sai kun tambaya ba.

Sai ga alƙalai. Tsohon makaniken, Alhaji Lawali, gajere ne mai tabarau, hannunsa duk tabon aiki. Bai ko dubi katin ba. Ya zo ya tsaya a kan jirgin ya daɗe. Ya taɓa tankin magani da ke gaban mazaunin matuƙi, ya taɓa siraran bututun feshi, ya taɓa 'yar tayar wutsiya.

"Wa ya yi wannan?"

Baffa ya matso.

Abiyon suke ce wa jirgin sama a can. Ya ce, "Dattijo, na san abiyon ga. Na kwana biyu ƙarƙashinshi da sifana. Wannan bututu ba a ganin shi a hoto. Ina ka gan shi?"

Baffa ya ba da labarin fako da igiya da ninki uku, a hankali, kamar mai tsoron kada a katse shi. Shekara tara ina aure a gidansa ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Alhaji Lawali yana gyaɗa kai, ya ciro tef daga aljihu. Ya auna jiki, ya ninka da takwas a baki, ya ce daidai. Ya auna tsayi, daidai. Ya ɗora tef a fiffike. Ya cire, ya sake ɗorawa. Ya cire tabarau ya goge.

Nan take na gane. Ban san yadda zan kwatanta muku ba, abin ya zo mini gaba ɗaya: jirgin alhazai daban, jirgin feshi daban, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wane jirgi nake aunawa ba. Kuma ga abin da na yi, wanda shi ne dalilin wannan rubutu. Na miƙa hannu a hankali na ɗauke katin nan na sa a aljihu. Baffa yana kallon hannuna.

"Dattijo," in ji Alhaji Lawali, "fiffiken ga bai kai ba. Abiyon feshi dogon fiffike gare shi, don yana tahiya ƙasa-ƙasa da kaya mai nauyi. Wannan in ka cika shi da magani, sai dai ya yi gudu a ƙasa kamar zabo. Wanda ya ja igiya a jikinshi ba ya yin wannan kuskure. Ko dai wani ya ba ka labari?"

Mutane suka yi dariya, wasu sun ɗaga waya suna ɗauka. Igiyar tana cikin jakar da ke ƙirjinsa. Da ya zaro ta ya shimfiɗa, magana ta ƙare. Amma da ya zaro, tambaya ta gaba ita ce wa ya sa aka rage, ga ni kuma tsaye. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Tsufa ne, Alhaji. Ido ya yi rauni."

Ni kuwa bakina ya mutu. Ina da harshen da na cika kasuwar Buji da shi, ina da wanda na yi wa jandarma lacca, ran nan ko tari ban yi ba. Alƙalai suka wuce wajen murhu.

Washegari bayan sallar asuba na durƙusa a ƙofar ɗaki na ce, "Baffa, a ara mini igiyar." Ya juya baya, ya buɗe jaka, ya miƙo mini ita ba tare da ya tambayi dalili ba. Malam Isufu ya raka ni garejin Alhaji Lawali. Muka shimfiɗa ta a bakin titi, masu wucewa suna tsallakawa. Ya bi ta da tef daga ƙulli zuwa ƙulli. Na biyu mita takwas. Na uku sha biyu da ɗoriya mai yawa. Ya miƙe yana riƙe da ƙugu.

"Wallahi shi ne. Ko taƙin yaro bai kuskure ba. To wa ya yanke fiffiken?"

"Ni na sa."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Jiya ba kai ne ke tsaye gefenshi ba?"

"Ni ne."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya shiga ciki ya rubuta takarda ya sa hannu, ya rufe garejin ya biyo mu har tasha. Ya kama hannun Baffa da hannu biyu ya ce, "Dattijo, ka gahwarce ni. Ka ga abiyon, ka auna shi, awonka ya hi na masu takarda." Maganar da Baffa ya jira shekara talatin ke nan, aka faɗe ta a gefen mota, ba mai ji sai ni da Malam Isufu da wani mai sayar da goro. Baffa ya ce, "Na gode, Alhaji." Jirgin kuwa ya ce a bar wa yaran makarantar, ba zai koma da shi ba.

Dawowa ba abin faɗa. Na zauna gaba, shi baya. Amma hoton bidiyon dariyar nan ya riga mu tsallaka iyaka. Kafin Baffa ya sauke jakarsa a Buji, kowa ya ga Alhaji yana cewa zabo. Modu ya sauya masa suna daga Direban Sama zuwa Direban Zabo. Takardar tana aljihuna tare da katin. Mako uku ina yawo da su, ina zuwa majalisa ina ba ku labarin burodi.

Ranar kasuwar da ta wuce na je. Na tsaya a rumfar da na yi wancan bayanin, na ce wa mutanen wajen ni na sa aka yanke, awon Baffa daidai ne, ga shaidar makanike. Modu ya karɓi takardar ya juya ta kamar yadda ya juya wayata.

"Malam, da wane yare aka rubuta?"

"Faransanci."

"To wa zai karanta mana? Ko kai za ka sake yi mana lissafi?"

Aka yi dariya, wannan karon da ni. Wasu sun yarda, wasu sun ce suruki ne yake rufa wa suruki asiri. Bidiyo kowa ya gani da idonsa, takarda kuwa ba mai iya karantawa. Baffa ya soma naɗe igiyoyinsa tun kasuwa ba ta watse ba. Ya ce, "Ku bar Malam haka. Lissafinsa daidai ne, jirginsa ne daban." Har ran nan ni yake karewa.

Shekaranjiya Dija ta je gida ta dawo da ƙwaryar fura da wani ƙunshi cikin tsohon rawani. Ta ajiye mini a tabarma ta ce in buɗe. Guntayen fiffike ne guda biyu, taƙi ɗaya da rabi kowanne. Ba karya su ya yi ba. Ya yanke su sumul, ya kafa wa kowanne tsinke uku masu ƙarfi a bakin yankan, yadda za a soka su koma mazauninsu.

"Me ya ce?" na tambaye ta.

"Bai ce komai ba. Inna ce ta ba ni." Ta zauna tana kallona. "Ta ce tun daga Buji har Damagaram suna cikin jakarsa. Da ka ce a mayar, kafin shayi ya tafasa ya mayar."

Suna nan a kan teburina. Jirgin yana can bayan iyaka.